Jitar da Inna ta zaɓa

Magariya, daren Laraba, bayan girbin gyaɗa

Kawu Sale ya dawo daga Kano da jita biyu masu araha, tsohuwar ƙira da sabuwa, ya ce in zaɓi ɗaya. Tambarinsu ɗaya, amma wai maƙeran sun canja katako bana. Idona na kan sabuwar, don tsohuwar duk ta dushe.

Sai Inna ta ƙwanƙwasa cikin kowacce, yadda take gwada ƙwarya a kasuwa.

"Mai ƙyallin nan ba ta ƙosa ba. Bazara ɗaya za ta tsage."

Kawu ya yi dariya, amma bai musa ba. Na ɗauki tsohuwar.

Ɗazu na kaɗa ta a zaure, sautinta ya fito da daɗi. Inna, da kullum ke cewa kiɗa aikin banza ne, ta ɗago murya daga ɗaki: "To, ka ji ko?"