Jan Ɗigo a Rami na Sha Huɗu

Harrow Neck, Amurka
Talata, 11 ga Yuni

Zulema, matata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Mama da wannan sanyin na Tucumán? Ki tsaya a kanta ta shafa man nan safe da yamma, kin san halinta, sai ta rantse ta shafa alhali kwalbar ko buɗewa ba a yi ba. Don Anselmo, na san kai za ka fara karanta takardar nan tun tana fitowa daga na'urar faks ta kantin maganinka. To ina gaishe ka, in ka gama ka miƙa wa mai ita.

Mun iso lafiya ni da Lisandro. Shekara ashirin da biyu ina saɓa wa ƙanen nan nawa jakar sandunan golf, babu irin filin da ban taka ba, amma ban taɓa ganin mai mugunta irin wannan ba. Hanyar da ƙwallo za ta sauka sun matse ta, taku ashirin da biyu na auna da ƙafata. Gefe da gefe ciyawa ce har ƙwauri, in ƙwallo ta faɗa sai ka kusa taka ta kafin ka gan ta. Farfajiyar rami kuwa, inda ake gangara ƙwallo a hankali, sun aske ta sun danne ta har ta koma kamar simintin tsakar gidanmu.

Akwai wani ɗan Meziko a nan, Fidencio, shekara goma sha tara yana kula da ciyawar filin. Ya ji muna Sifaniyanci ya matso, na miƙa masa mate, shayin ganyen nan namu, ya kurɓa, ya yamutse fuska ya ce shi ciyawa yankanta yake yi, ba ya shanta. Shi ya gaya mini tun ranar Lahadi 'yan kwamitin gasar, masu shuɗin kwat ɗin nan, suka karɓe makullin famfo daga hannunsa. So suke fili ya bushe ƙamas, kada kowa ya ce ya ci babbar gasa da sauƙi. Ya kai ni rami na sha huɗu, wanda farfajiyarsa take a tudu kamar an kife kwano. Ya durƙusa ya shafa ciyawar ya ce mini ta kusa mutuwa. Yadda ya shafa ta sai da na tuna Baba yana kula da filin golf na kamfanin sukari.

Don Allah ki sake yi wa Mama bayani, don ta dage wai ranar Alhamis za ta ga ɗanta. Mutum ɗari da hamsin da shida za su fara. Ranar Juma'a da yamma a tankaɗe su, a bar sittin da 'yan kai. Tashar talabijin ta ƙasarmu Asabar da Lahadi kaɗai take nuna wasan, saboda haka in Lisandro bai tsallake tankaɗen nan ba, babu abin da za ta gani. Shekarunsa arba'in da biyar, wuyan hannunsa sai an ɗaure, ya kuma ce daga wannan ya ajiye sanda. Ke kuma kina wurin lokacin da likita ya ce idon da ya rage wa Mama ba zai kai Kirsimeti ba.

Ƙwallayen nan goma sha biyu da ta ɗiga wa jan farcenki, wai don ta gane ta ɗanta a talabijin, suna cikin jaka. Lisandro ya yi ta dariya, amma ya ce da su zai buga.

Ki gaida kowa da kowa. Ki kunna mana kyandir a coci.

Mijinki,
Evaristo

Alhamis, 13 ga Yuni

Zulema tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da yara, da fatan kun wuni lafiya. Don Anselmo, sannu da aiki. Na ji wai ka yi alkawarin kai babban talabijin ɗinka gidan Mama ranar Asabar, har mata sun fara shirin soya empanada, fanken nan mai nama a ciki. Na gode, amma da kun ɗan dakata.

Yau bugu saba'in da shida muka yi, a filin da ƙa'idarsa saba'in, kin kuma san mai ƙarancin bugu shi ke ci. Kada ki ce ya lalace. Mutum biyu kacal suka yi ƙasa da ƙa'ida a duk wunin nan. Na ga wani da ya taɓa cin gasar nan ya ɗan taɓa ƙwallo daga taku uku, ta wuce rami, ta ci gaba da tafiya, ta gangara ta faɗa cikin yashi, shi kuwa yana tsaye riƙe da ƙugu. 'Yan kallo har da tafi. A wurinsu abin dariya ne, a wurinmu kuwa ba haka ba.

Ƙanen mijinki dai bakinsa bai mutu ba. A rami na tara na ce masa iska daga hagu take, ya buga, ashe ta juya. Ya kalle ni ya ce, "Tsoho, iskar ka auna ko numfashinka?" Na ce masa in ya fi ni sani ya ɗauki jakarsa da kansa. Ya ce ranar da ya ɗauki jakar nan, to ranar na mutu. Haka muka yi ta yi har muka gama, kuma wallahi ya buga wasa mai kyau, Zulema. Shekara goma rabon da in ga hannunsa ya natsu haka.

Lissafina, wanda ya yi ɗari da hamsin a kwana biyu zai tsallake. Kenan gobe saba'in da huɗu muke nema. Da ƙarfe takwas da minti goma za mu fara, iskar teku kuma wajen sha ɗaya take tasowa, daidai lokacin da za mu isa rami na sha huɗu. Fidencio ya je ya roƙi masu kwat su ba shi makulli ya ɗan yayyafa wa wurin ruwa. Suka ce a'a, fili ɗaya ne ga kowa, in an jiƙa wa wani an cuci wani. Haushi ya kama ni, amma na ce to, wannan kam magana ce. In azaba ce kowa ya sha daidai da ɗan'uwansa.

Ba na jin za mu kai, gaskiya. Kada ki gaya wa Mama na faɗi haka.

Naki,
Evaristo

Juma'a, 14 ga Yuni

Zulema,

Ina fatan kuna lafiya. Saba'in da biyar. Jimla ɗari da hamsin da ɗaya, an yanke a ɗari da hamsin. Bugu ɗaya.

Don Anselmo, ka bar talabijin ɗinka inda yake, Allah ya saka da alheri. Zulema, ke za ki gaya wa Mama da bakinki, kada ta ji a bakin maƙwabta. Ki zaunar da ita tukuna. Mu duka lafiyarmu ƙalau.

Evaristo

Asabar, 15 ga Yuni

Zulema, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Yaya Mama ta kwana, ta ci wani abu kuwa? Wannan takarda a ambulan na saka ta, ta gidan waya za ta zo, don ba ta idon Don Anselmo ba ce. Wataƙila ma in riga ta isowa gida. Na rubuta ne saboda na san in na zauna a gabanki ba zan iya faɗa ba.

Bugu ɗayan nan da ya kayar da mu, ni ne.

Mun iso rami na sha huɗu jiya muna kan lissafi daidai. Iska ta taso kamar yadda na ce, ciyawar wurin ta koma ruwan toka, tana ƙyalli. Mutum ukun da ke gabanmu mun tsaya muna kallonsu suna ta kai da kawowa, ɗaya sai da ya yi bugu takwas. Lisandro ya ɗora ƙwallonsa sama da rami, taku huɗu. Kin san ɗabi'arsa, sai ya gyara tsayuwa, ya ajiye kan sanda a ƙasa bayan ƙwallo, sannan ya ɗaga kai ya kalli rami sau biyu. Yana cikin kallon ramin ne na ga jan ɗigon Mama, wanda yake a sama, ya karkata gefe. Ƙwallon ta mirgina, ko faɗin farce bai kai ba, ta tsaya.

Bai taɓa ta ba, Zulema, na rantse da kabarin Baba. Gangara ce da iska da ƙasar da aka hana ruwa kwana biyar. Amma doka ba ruwanta. In ka riga ka ajiye sanda ƙwallo ta motsa, kai ka motsa ta, tarar bugu ɗaya, ka mayar da ita inda take. Shi bai gani ba. Abokan wasansa biyu suna can gefe suna duba nasu layin. Alƙalin wasa yana magana a rediyonsa. Kyamara kuwa wa zai ɓata ta a kanmu? Duk duniya ni kaɗai na gani, kuma ba don ɗigon nan ba, da ni ma ban gani ba.

Na ce, "Tsaya, ta motsa." Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ɗaga hannu ya kira alƙali da kansa, ya faɗa masa, ya mayar da ƙwallo, ya buga biyu ta shiga. 'Yan kallon da ke wurin suka tafa masa, wai mutumin kirki.

Ke dai bari, abin da ya biyo baya ne ya fi ci mini rai. Muna tsaye a mafarin rami na sha biyar sai na waiga, na ga an dakatar da wasa. Ga Fidencio da mesa a hannu yana yayyafa wa farfajiyar ruwa, mai shuɗin kwat na tsaye a kansa yana nuna masa da yatsa. Daga lokacin har yamma, duk rukunin da ya wuce sai an jiƙa wa na bayansa. Waɗanda suka buga da la'asar, manyan da kyamara ke bi, ƙwallonsu inda ta sauka nan take zama. Minti goma ne tsakaninmu da ruwan nan. Da yamma shugaban kwamitin ya zauna gaban 'yan jarida ya ce sun lura wurin ya ɗan wuce gona da iri, sun kuma gyara a kan lokaci. A kan lokacin wa? Na je tantinsu, wani saurayi mai ladabi ya ce ya fahimci damuwata, ya miƙo mini ruwan sanyi a kofin takarda. Fidencio ya same ni a bakin ƙofa idonsa ja wur, yana ba ni haƙuri, shi da ba shi ya riƙe makulli ba.

Ramuka huɗun da suka rage Lisandro ya buga su kamar yana ɗan shekara ashirin. A na ƙarshe ƙwallonsa ta leƙa rami ta fito. 

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin san ni na fara riƙe sanda kafin shi, mutanen kulob ma cewa suke na fi shi hannu. Da Baba ya rasu, ni na karɓi injin yankan ciyawa, shi aka tura Buenos Aires koyon wasa. Ban taɓa yin ƙorafi ba, har na ɗauka babu komai a raina. Amma tun jiya nake tambayar kaina, me ya buɗe mini baki da sauri haka? Baba ya koya mana cewa mai ɓoye motsin ƙwallo ɓarawo ne, ko da babu mai ganinsa, kuma na yarda da wannan har gobe. Sai dai ban yi ko tunani ba, Zulema. Ban tuna Mama ba, ban tuna idonta ba. Maganar ta fito kamar ta daɗe tana jira. Gaskiya ce ta fito, ko wani abu ne da ya kwanta shekara talatin? Na juya abin ta kowace fuska ban samu amsa ba, kuma ba na jin zan samu.

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bayan ya sa hannu a katin maki ya fito, ya ce mini, "Ka yi daidai, Evaristo." Tun yana koyon magana bai taɓa kirana da sunana ba, daga Yaya sai Tsoho. Na sunkuya zan ɗauki jaka, ya riga ni. Ya saɓa ta a kafaɗa da wannan hannun nasa mai ciwo, ya nufi inda motoci suke. Tafiya ce mai ɗan nisa, ta gaban jama'a. Na bi shi a baya, ban san inda zan sa hannuwana ba.

Yau da safe na tarar ya ajiye mini ƙwallayen Mama a kan tebur, guda tara da suka rage, ya fita bai ce inda za shi ba. Daga tagar masauki ina jin tafin mutane can a filin, an ce yau ciyawa ta yi kore shar.

Jirginmu ranar Litinin ne. In Mama ta tambaye ki abin da ya faru, ki ce fili ne ya yi tsauri, ba ƙarya kika yi ba. Maganar ɗigon kuwa, don girman Allah kada ta taɓa jin ta, ko daga bakinki ko daga na kowa. Da hannunta ta ɗiga shi, tana kai ƙwallon kusa da ido don ta ga inda za ta sa.

Ki gaida yara. Kada kowa ya zo tarbarmu a tasha.

Mijinki,
Evaristo