Baƙonku na Ƙarshen Wata

Masanawa, ranar Asabar da hantsi.

Zuwa ga Rabi, uwar 'ya'yana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci.

Yau na tashi da ɗan dama. Tarin ya lafa, sai dai gwiwoyin nan, a zaune na yi sallar asuba. Za ki ga rubutun ya ɗan karkace. Na san ba zai dame ki ba, da ma ba ki taɓa yaba rubutun boko ba.

Maganar ɗanki Sani ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ya aiko daga Kano ta bakin Alhaji Buba mai mota cewa yau zai zo mu yi shawara. Na riga na san shawarar, don Alhaji Buba bai iya riƙe magana ba. An ƙara wa Sani kuɗin haya, hatsi ya yi tsada, masaƙar da yake aiki tana rage mutane, wanda aka bari kuma yana aikin mutum biyu. Yana so ya kawo matarsa Hadiza da yaran su zauna nan wurina, su ci daga gona, shi ya kama ɗan ɗaki kusa da wurin aiki. Wai na shekara ɗaya ne kawai, kafin abubuwa su daidaita.

Rabi, kin san wannan maganar. A bakinmu aka fara yin ta.

Kin tuna lokacin da na samu aikin malamin sikeli a wurin sayen gyaɗa na Gwarzo? Muka tare can muna murna, ke da goyon Sani, dangi suna cewa mun huta da fartanya. Ba mu san cewa idan kuɗin gyaɗa ya shigo gari komai yana tashi tare da shi ba. Manoma sun cika gonaki da gyaɗa, gero ya yi ƙaranci, tiya ta hau. Mai gida ya ƙara haya. Kananzir, sabulu, itace, har ruwa sai mai garwa ya kawo. Ga 'yan uwa kuma, kowa ya ji ana cewa Usmanu yana cin albashi, in haraji ya matsa ko suna ya taso, ƙofarmu ake nufa.

Aikin kansa bai bar ni da sauran kai ba. Manomi yana gabana yana rantsuwa sikeli ya cuce shi, wakilin kamfani yana bayana yana cewa na cika sassauci. Gyaɗar da aka kawo da danshi, in ta bushe ta rage nauyi, daga albashina ake cirewa. In aka samu yashi a gindin buhu, ni ne. In babbar mota ta zo ba a gama ɗinke buhuna ba, ni ne. Nakan dawo gida maƙogwarona cike da ƙaiƙayi, ki ajiye tuwo, in zauna ina kallonsa. Wata rana kika dube ni kika ce, "Malam, da za a ɗora ka a sikelin nan, kai ma sai an cire maka, ka rage nauyi." Na yi dariya, ke ba ki yi ba.

Ke kika kawo shawarar, ni kuma na karɓa da sauri. Kika ce, "A Masanawa ba a sayen ruwa, ba a sayen itace, ga rumbu, ga nonon shanu. Bari in koma da yaro, bana kaɗai." Kowa ya yaba. Tsofaffi suka ce yarinyar nan tana da hankali. Kuma gaskiya ne, kuɗi ya fara kai mu ƙarshen wata.

Amma bana kaɗai ɗin nan ba ta ƙare ba. Duk shekarar da aka ce za a ƙara albashi, 'yan kasuwa sun riga mu jin labari, kafin ƙarin ya iso hannuna kaya sun riga sun tashi. Sai in ce a bari sai baɗi. Ke ma ki ce haka ya fi. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya a cikinmu, kowace shekara dalilin na gaskiya ne.

Na koma mai zuwa ƙarshen wata a kan keke, da ƙullin gishiri da sabulu da kwalbar kananzir a baya. Da kaka kuwa, lokacin da awo ya yi zafi, ko ƙarshen watan ba na samu. Ina shigowa zaure za ki ɗaga murya ki ce, "Yara, ku kawo tabarma, ga baƙonmu na Gwarzo." Wasa kike yi, amma Sani ya ɗauka da gaske. Na ji shi da kunnena yana tambayarki a bayan rumbu, "Inna, baƙon nan zai kwana?" Kika ce masa, "Ubanka ne, ja'iri, je ka gaishe shi." Ya zo ya durƙusa daga nesa, ya gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa dagaci, ya tashi ya gudu.

Har yau haka yake gaishe ni, Rabi. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa ɗaga mini murya ba, yana aiko abin da ya samu. Amma bai taɓa zama kusa da ni mun yi hirar banza ba, irin wadda yake yi da ke kuna dariya har kina share hawaye. In na shigo sai hirar ta tsaya.

Akwai abubuwan da sai bayan sun wuce nake jin labarinsu. Ƙyandar da ta kwantar da ƙannensa, sai da suka warke na sani. Ɗakin da damina ta rushe, na zo na tarar an riga an tayar. Kina tatsar man gyaɗa, kina kaɗa nono, kina toshe inda albashina bai kai ba, in na tambaya ki ce, "Lafiya lau, kai dai ka ji da sikelinka." Kina tausayina ne, ni ma ina tausayinki, shi ya sa ban taɓa gaya miki yadda ake ci mini mutunci a gaban leburori ba. Kowa ya ɓoye wa ɗan uwansa nauyin da yake ɗauke da shi, har muka saba.

Da ciwo da fari suka kashe gyaɗa aka rufe wurin awo, na ɗauro tabarmata na dawo gaba ɗaya. Na tarar yara sun girma, 'ya'yanmu mata sun yi aure, Sani ya tafi birni. Ke kuma ƙafa ta fara kumbura. A gidana sai na tambaye ki inda ake ajiye igiyar guga. Zaman da muka yi ta tanadi dominsa, ɗan kaɗan muka samu, rabinsa kuma jinya ce.

To, ga inda nake so ki taya ni. Da Alhaji Buba ya faɗa mini saƙon, abin da ya fara zuwa zuciyata murna ce. Gidan nan ya yi mini girma. Maƙwabta suna aiko tuwo, Allah Ya saka musu, amma wani lokaci sai a yi azahar ban yi magana da kowa ba sai akuya. Na hango jikoki suna guje-guje a tsakar gida, hayaƙi yana tashi daga madafarki, wani yana miƙo mini buta. Har na sa an share ɗakinki.

Da na kwana biyu ina tunani sai na ga abin da murnata za ta ci. Ni zan samu 'yan hira, su kuma yaran za su samu baƙo daga Kano. Don haka na yanke abin da zan gaya masa. Zan ce kada ya raba gidansa. Su koma ɗaki ɗaya in ya kama, su ci tuwo da miyar kuka ba nama, amma ya riƙa dawowa daga aiki yana tarar da su, ya gaya wa Hadiza abin da aka yi masa ranar, ita ma ta gaya masa nata. Hatsin da ɗan ƙanenki yake noma mini ya fi ƙarfin cikina, za a riƙa kai musu a motar Alhaji Buba. Bijimin nan ma a sayar, ya rage masa haya. Ban san ko zai ji ba. Yana iya ɗauka ba na son ɗawainiyar iyalinsa ne, ya ce to Baba, ya durƙusa, ya tafi da abin a ransa. Da kina nan, da ke za ki faɗa masa cikin wasa, ya gane.

Allah Ya jiƙan ki, Rabi, Ya saka miki da Aljanna kan haƙurin shekarun nan. Allah Ya buɗa wa Sani, Ya sassauta masa aiki, Ya bar shi tare da iyalinsa. Mu kuma Allah Ya haɗa mu a gidan da ba a zuwa a koma.

Mijinki,
Usmanu.

Na ƙara wannan bayan la'asar. Motar Alhaji Buba ta iso, Sani bai zo ba. An riƙe su aiki, ba wanda yake iya neman hutu yanzu. Ya ce a gaya mini ba sai an yi dogon zance ba, ya san ba zan ƙi ba, mako mai zuwa zai zo da su gaba ɗaya da kayansu. Rabi, in na ga yaran nan a bakin zaure, ban sani ba ko bakina zai iya cewa su koma.