Rantsuwar da Na Yi Saboda Hajo

Talata, bayan kowa ya kwanta

Da la'asar Hajo, mai kawo mana nono daga Damaga, ta faɗo gidanmu a guje, ko ƙwarya babu a kanta, ta ce ana bin ta. Na tura ta bayan buhunan shinkafa. Sai ga maza uku da bindigogi, wai mijinta ke kai wa ɓarayin daji labari, ita za su riƙe har ya fito.

Na ce ban gan ta ba. Babbansu ya ce, "Ɗauko Littafin naku ki dafa." Na ɗauko Littafi Mai Tsarki, na dafa, na rantse. Suka tafi.

Da maigida ya dawo daga coci ya ji, sai ya ce, "Maman Rahila, rantsuwar ƙarya zunubi ce, ko don wa aka yi ta. Ki tuba." Na ce, to da miƙa ta zan yi? Duk da haka bai janye maganarsa ba.

Na durƙusa in nemi gafara, bakina ya ƙi. Yaya zan ce na tuba, alhali in sun dawo gobe zan sake dafawa?

Ya Yesu, ga ta nan tana barci kusa da Rahila. Kai ka yanke hukunci.