Sunaye Ɗaya a Takarda Biyu

Zuwa ga Yayata Liri,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Ilir da yara, can birnin Bari. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi. Inna tana fama da ciwon gwiwarta, amma bakinta ƙalau yake, kin san ta. Matata Mimoza ta kusa sauka, Allah Ya raba lafiya.

Yaya, maganar tumakin Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun ambaliyar bazara, kogin Osum ya bar mana leda a kowace ƙaya da kowane reshe, har cikin makiyaya. Tunkiya goma sha ɗaya na rasa. Sai ki ga dabba ta daina ci, ta rame, cikinta ya kumbura. Da mahauci ya farke ta ƙarshen, ledar da ya zaro daga tumbinta ta cika bokiti. Na tsaya a gabansa ina kuka, ban ji kunya ba.

Shi ya sa na rubuta takardar koke zuwa majalisar gari, a sa kuɗi, lek goma, a kan kowace leda a kanti, ko mutane za su koma ɗaukar jakar ƙyalle kamar da. Wata biyu ina bin gida-gida. Kin san ba a shiga gidan mutum a fita ba a sha gahawa ba. Na sha har na gaji. Ba wanda ya ce mini a'a. Mutum ɗari uku da bakwai suka sa hannu, ni kuwa sakarai na ɗauka na ci gari.

Ashe Kawu Sokol mai kanti yana biye da ni da tasa takardar ta ƙin amincewa. Ya ce wai idan ya caji kuɗin leda, masu ciniki za su tsallaka zuwa babban kantin bakin titi, shi ya rufe nasa. Ya ce wa mutane ɗan ƙanwarsa ya zama lauyan tumaki, saura ya saya musu kwat. Shi ma ya zauna, ya sha gahawarsu, shi ma ba wanda ya iya ce masa a'a.

Ranar zaman majalisa, magatakarda ya jera takardun biyu yana karantawa, sai dariya ta ɓarke. Sunaye ɗaya ne, Yaya, kusan duka. Shugaban ya ce tunda garin ya yarda kuma bai yarda ba, a ajiye maganar sai baɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai, sunan Inna yana cikin duka biyun. Da na tambaye ta, ta ce ni ɗanta ne, shi kuma ciki ɗaya suka fito, wai in nuna mata hannun da za ta yanke.

Tumaki ba su san baɗi ba. Biyu kuma sun daina ci a makon nan, kuma shure-shure ba ya hana mutuwa. Na yi magana da wani dillali daga Berat, ranar Asabar zai zo da mota ya kwashe sauran tun suna da nama a jiki. Garken da Baba ya bar mini amana, a hannuna zai ƙare. Don Allah ki tambayi Ilir ko akwai gurbin lebura a wurin aikinsu. Idan Mimoza ta haihu zan taho. Inna ba ta sani ba tukuna, kada ki faɗa mata a waya.

Ki gaishe da Ilir, da Arta da Besmir, da Gwaggo Drita idan kin leƙa ta. Ga cuku nan na ba direban bas ya kawo muku tare da takardar. Ki ce wa yara su ci a hankali, babu wani bayan wannan.

Ƙanenki da ke kewarki,
Petrit