Inna, Sun Buga Zanenki a Buhun Taki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa uwa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki, na zaɓi in rubuto miki a gaban jama'a, domin abin da zan faɗa a gaban jama'a aka yi shi, kuma da sunanki aka yi.

Kin bar mu jihar Kebbi tana sabuwa, ko allunan ofisoshi ba a gama canzawa ba. Duk Aliero an san ɗinkin hularki: ganyen albasa uku sun fito daga ƙulli guda, da ɗan tauraro a gindinsu. Ko a kasuwar Jega aka gan ta a kan mutum, sai a ce ta Hajo ce. Kina yawan cewa, "Ni ban ɗinka ma mutum abin da za shi ji kunyar sawa."

Bayan rasuwarki da wasu shekaru na samu koyarwa a Jega. Wani ɗan bautar ƙasa da muka yi aiki tare ya bar mini faifan kwamfuta, a ciki akwai manhajar zana taswirar ƙasashen da babu su a duniya. Da ma ina da labarin da nake ba ɗalibaina na wata ƙasa da na ƙirƙira, ƙasar Marmaro, sai na ce bari in yi mata taswira. Ba ni da kwamfuta. Bashiru ne ke da ita, ɗan ƙanwarki da kika goya bayan uwarsa ta rasu. Ya buɗe shagon buga takardu kusa da tasha, ya ce in riƙa zuwa in an tashi daga makaranta.

Manhajar tana ba kowane gari tambari, amma duk na Turawa ne: zaki a tsaye kan ƙafa biyu, mikiya mai kai biyu, garkuwa da takubba. Na ɗora zaki a kan Birnin Gwaza, babban birnin ƙasar tawa, na ga kamar an sa wa manomi rigar aro. Sai na ɗauko tsohuwar hular Baba, na kwafi zanenki a farar takarda da baƙin tawada, muka ɗauki hotonsa da na'urar sikana zuwa cikin kwamfuta. Na daɗe ina goge farin da ke kewaye da shi, don in ban goge ba yana rufe gulbin da ke ƙarƙashinsa. Sau da yawa manhajar ta ƙi karɓa, sai da na gano inda take ajiye tamburanta, na jefa naki a cikinsu. Ranar da ganyenki uku suka zauna a kan birnin, na tsaya ina ta kallonsu. Bashiru ya leƙo ta bayana ya ce, "Yaya, wanga ai kamar Inna tana raye."

Na ji daɗin maganar a lokacin. Yanzu in na tuna ta, ƙyama ce ke kama ni.

Da rani ya kama, Bashiru ya ƙara da sayar da takin zamani. Ban tambaye shi komai ba, na dai yi masa fatan alheri.

Wata rana ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Malam Isa ne daga Mungadi, can ƙasar Maiyama, dattijon da ya daɗe yana sayen hula a hannunki. Ya sauke buhu daga bayan babur ya ajiye a gabana. Zanenki ne a jikin buhun, Inna, da koren fenti, girmansa ya kai faranti, a ƙarƙashi an rubuta Takin Hajo. Ya ce in sa hannu. Na sa. Rabinsa yashi ne da toka, an rina su. Albasarsa ta yi rawaya a fadama, ta ƙi yin kai, lokacin da ya gane kuwa an makara.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ni don zanen ga na saye. Na ce gidan da hulata ta hito ba su cutata."

Na wanke hannuna a famfon makaranta, na sake wankewa, ƙyamar ba ta fita ba.

Na iske Bashiru a shago yana cin tsire. Na ajiye masa buhun a kan tebur, ko taunar bai daina ba. Ya ce, "Yaya, zane na fa. Inna ta tahi, mi za ta yi da shi? Ai ma na raya sunanta." Bakin da kika ciyar da kunu a cokali, shi ne ya faɗi haka, da maiƙo a leɓensa. Na zauna a gaban kwamfutarsa na goge taswirar da duk tamburan da na zana mata, na ɗauki faifaina na fita. Amma naki ya riga ya kai wa masu buga buhu.

Daga nan ko'ina na juya sai in ga zanen. A Andarai na ga an shimfiɗa buhun ana shanya barkono, a tashar Jega an toshe bakin kwata da shi, ruwan ƙazanta na bi ta kan tauraronki.

Kawu Garba, yayanki, ya aika aka kira ni. Na zaci zai ce a kira Bashiru. Sai ya ce, "Kak ka tona ma gida asiri, yaro nema shikai." Ban taɓa musa wa Kawu ba sai ranar. Ran kasuwar Aliero na tsaya a cikin 'yan albasa na faɗa da bakina cewa takin nan ha'inci ne, kuma mai sunan ba ta da hannu a ciki. Na je Mungadi na maimaita. Wasu dangi sun daina amsa gaisuwata har yau. Malam Isa ya ce ya yarda da ni, amma yardar ba ta dawo masa da nomansa ba. 'Ya'yansa biyu kudu suka tafi ci-rani a shekarar.

Bashiru kuwa juye takin ya yi a buhunan da ba su da rubutu, ya ci gaba. Bayan sallah ya zo gidana, ya durƙusa ya gaishe ni kamar babu abin da ya faru. Na ɗauka haƙuri ya zo bayarwa. Ya sha ruwa, ya gyara zama, ya ce, "Yaya, cikin taswirar nan akwai wani tambari mai shamuwa. Shi ba wanda ya san shi. Ka ba ni shi mana."

Na tashi na buɗe masa ƙofa.

Innata, na yi kewarki. Na yi kewar zama kusa da ke da hantsi, kina lumshe ido ɗaya kina neman kafar allura, kina hana ni taimaka miki. Da kina nan da na sa kaina a cinyarki, duk girmana.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya mayar wa Malam Isa da sauran manoman abin da suka rasa. Na san da ke ce da kin sa Bashiru a cikin addu'ar nan. Na gwada, bakina ya ƙi. Ki ba ni lokaci.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Umaru, daga Jega.