Muryar da Kakata Ta So Ba Tawa Ba Ce

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai da jikokina uku amma sati biyu ke nan ina kuka kamar yarinya.

A Zongon Kwatano aka haife ni, babana ɗan ƙasar Katsina ne, kasuwanci ya kawo shi. Na tashi zamanin juyin juya hali, lokacin da a lakwal, wato makaranta, kowa kamarad ne, har malamin da ke zane mu. Hausarmu ta Zongo kuwa kun san ta, a ɗebo Faransanci a zuba, a yafa yaren Fon a kai. Mahaifiyar Baba, Inna, tana can ƙauye, ba ta karatu, sai kaset muke mata, direbobin manyan motoci su kai. Baba ya kunna rakoda ya ce in gaida kakata, ni kuwa in zage, in ba ta labarin fareti, in rera mata waƙar lakwal, akwai ranar da na ce mata kamarad Inna don in burge ta. Idan amsarta ta zo sai ka ji tana cewa, "Kai, jikar nan tawa Hausarta tar, kamar a ɗakina ta girma!" Wallahi da maganar nan na rayu. Ko 'yan Najeriya a kasuwar Misebo sun yi dariyar Hausata ba na ko gezau, in ce a raina su waye ku, Inna ta yaba. Ba mu taɓa haɗuwa ba, an rufe boda ta rasu, amma ta bar wasiyya a ba ni 'yan kunnenta. Da su aka kai ni ɗakin miji, shekara arba'in suna kunnena.

To kwanan nan wani ɗan baffana ya tsinci kaset-kaset ɗin a tsohuwar adakar Inna, ya juye su a waya ya turo guruf ɗinmu na dangi. Na kunna da murna zan ji ƙuruciyata. Baba ya gama gaisuwa, sai wata yarinya ta ce, "Inna ni ce jikarki, ina wuni." Jama'a ba ni ba ce! Muryar Hajara ce, 'yar maƙwabtanmu da suka taso daga Najeriya lokacin, aminiyata da har yau shagonmu ɗaya. Kaset bakwai na saurara, babu ko tarina a ciki.

Na tare ta a shago, ta fara da dariya wai ita ta ɗauka na sani tuntuni. Ta ce in na tafi lakwal Baba ke kiranta ya goge nawa ta maimaita, ya ba ta alewa, don danginsa sun sa shi gaba wai ya kai zuri'a ƙasar kwaminis za su tashi ba harshe ba addini. Na ce to bayan mun girma fa, me ya kulle mata baki? Ta ce in bar tone-tone, rufin asiri aka yi min. Rufin asiri! Ashe bakina ne abin kunyar. Ita ce fa ta ɗaura min 'yan kunnen nan da hannunta ranar aurena.

Baba yana nan a gidana a unguwar Santa Rita, ya haura tamanin, ba ya gani sosai, ni ke ba shi abinci a baki. Mijina ya ce in na tayar da zancen na ɗauki alhakin tsoho. Ni kuma yanzu ko "ɗauki ruwa" zan ce masa sai na tauna kalmar, ina tunanin ko har yau kunyarta yake ji. Ban ƙi shi ba, amma raina ya ɓaci, ya ci amanata.

Shin in tambaye shi tun yana da rai, ko in haɗiye? Sannan 'yan kunnen na cire su, suna ƙulle a bakin zanena. Inna cewa ta yi a ba yarinyar da ke gaishe ta a kaset. Ku gaya min tsakani da Allah, nawa ne ko na Hajara?