Kujerar Gaba a Kwalekwalen Yaya

Asabar, 4 ga Janairu
Ƙananan agwagin ruwa sun sauka a fadama. Tun muna samari ni ke tuƙi a baya, Yaya na gaba da bindiga. Yau ya yi ta harbi, iska kawai yake samu. Wai rana ce ta shiga idonsa. Rana kuwa tana bayanmu.

Talata, 7 ga Janairu
Ya miƙo min bindigar, ko kallona bai yi ba. "Ungo, Auta, mu ga ko surutun naka zai yi romo." Auta, ni da furfura a gemu. Muka canja wuri, kwalekwale na tangal-tangal. Garke ya tashi daga cikin bado kamar an watsa tsakuwa. Kafin in ɗaga bindiga sun yi nisa. Ya yi dariya har da tari.

Alhamis, 9 ga Janairu
Na samu. Ashe ba inda suke ake auna su ba, sai inda za su. Na sa bakin bindiga gaban ta farko, na danna kunama, ta ƙundumo cikin ruwa. Can wata ta gifta ta hagu, ita ma na sauke ta. Yaya ya tsamo su, ya jujjuya, ya ce, "Sa'a dai ta fi manyan kaya." Ya faɗi abin da ya ga dama. Uwar yara ta ce in bar labarin haka, ko tukunya ta haddace shi.

Lahadi, 12 ga Janairu
Kwando ya cika. Har maƙwabta sun sha romo.

Laraba, 15 ga Janairu
A bakin ruwa masunta suka tarbe ni da "Mai-Ido ya iso." Laƙabin Yaya ne wannan tun ina yaro. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi min daɗi, har na sake ba su labarin ta hagun nan. Da na waiga, yana durƙushe yana ɗaure kwalekwale. Igiyar da yake ɗaurewa ido rufe, yau ya daɗe a kanta. Da yamma matarsa ta ce min ya daina taɓa naman.

Asabar, 18 ga Janairu
Na ce masa kafaɗata ta yi tsami, ya koma gaba. Na tuƙa mu zuwa matsatsin nan tsakanin dogayen ciyayi, inda dole su taso ƙasa-ƙasa suna fuskantar iska. Na kafa gora, na riƙe kwalekwale kyam. Ya harba. Ɗaya ta faɗo. Bai ga inda ta faɗa ba, na juya mu wajen kamar ruwa ne ya kai mu.
"Ka gani, Auta? Hannu bai manta ba."
Na ce na gani, Yaya.
Kafaɗa lafiyarta ƙalau. Ina jin dai gobe ma za ta yi tsami.